Mun Kalli Shaihu Umar, Mun Kasa Yin Sharhi

Rubutun yau zai ɗan yi zafi, amma da kanmu za mu fara, don haka kada wani ya ɗauka da shi kaɗai ake.

Kwanakin baya wasu daga cikinmu da ke zaune a Ngaski da Yauri da Shanga muka haɗu a Wara, a wani aji da aka ara mana, muka kalli fim ɗin Shaihu Umar. Da janareta muka kalla, ga kuwa ruwan Kainji da ke ba ƙasar nan wuta kwance a bayan gari, amma wannan zancen wata rana ne. Kafin a kai rabi wasu sun koma kan wayoyinsu. Da aka gama aka buɗe fili, sai ra'ayi ya rabu uku. Kashi na farko suka ce fim ɗin ya yi tsawo, ya yi sanyi, babu abin da ke riƙe mai kallo. Kashi na biyu suka ce ƙarshen bai yi daɗi ba: a ce mace ta sha wannan wahala tana neman ɗanta, sai da ta same shi sannan ta mutu? Wata 'yar'uwa ta ce da ita ce marubuciyar, da ta bar uwar ta koma gida ta ga jikoki. Kashi na uku suka tashi da faɗa, suka ce wane ne mu da za mu buɗe baki a kan aikin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, mu yi masa addu'a mu yi shiru.

Mun dawo gida muna juya maganganun nan, kuma abin da muka gano shi ne duka ukun hanya ɗaya suka bi, wato hanyar guje wa labarin. Babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da labarin ke faɗa, da wanda ya ba baki, da wanda ya hana. Mu da muke kiran kanmu marubuta, wannan abin kunya ne.

Ga wanda bai san tarihin aikin ba, ga shi a taƙaice. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East, da kuma Shaihu Umar. Lokacin Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne a Bauchi, bai daɗe da haura shekara 20 ba. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, shekara ɗaya bayan an kashe mai shi. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, da Hausa, tsawon minti 142, aka kai shi bikin FESTAC na 1977 a Legas. Bayan nan fim ɗin ya ɓace daga idon jama'a har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018.

Ku lura da wannan da kyau. Fim ɗin Hausa, daga littafin Firayim Ministanmu na farko, ya yi kusan shekara 40 a gwangwani yana shan ƙura, sai da Jamusawa suka sa kuɗi da ƙwarewa aka farfaɗo da shi. Turawa sun zauna a Balin cikin hunturu sun karanta fassara a ƙasan allo har ƙarshe. Mu da muke jin kowace kalma ba tare da tafinta ba, mu ne muka kasa haƙurin awa biyu da 'yan mintoci. Haka nan Adamu Halilun ya yi fim ɗin Kanta na Kabi a 1978, tarihin jiharmu ke nan, amma a cikin duk waɗanda suka zauna a ajin nan babu wanda ya taɓa ganinsa.

Mu fara da masu cewa ya yi tsawo kuma ya yi sanyi. Mun yarda fim ɗin ba ya gudu. Amma wane irin labari ne? Dattijo ne, malami, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya gyara zama ya fara ba su labari. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami ya san ba a gaggawa a nan. Labarin kuma na tafiya ne da ƙafa da raƙumi, daga Kagara ta wajen Bida zuwa ƙasar Zazzau, zuwa Kano, a ratsa hamada har ƙasar Larabawa. Idan aka yanka wannan tafiya gunduwa-gunduwa don kada mai kallo ya gaji, an cire abin da ya sa rabuwar uwa da ɗa ta zama abin tsoro, wato nisa. A zamanin da babu waya babu mota, yaron da aka ƙetare hamada da shi daidai yake da wanda aka binne. Dole mai kallo ya ji nisan nan a jikinsa kafin ya gane abin da matar nan ta ɗauko wa kanta.

Kuma zancen tsawo ma ba gaskiya muke faɗa ba. Mu ne muke bin fim mai dogon zango har zango na biyar da na shida, muna jiran kowane mako. Mu ne muke karanta littafin intanet mai babi ɗari da ɗoriya, wanda babi goma cikinsa bayanin lefe ne da kayan ɗaki. Haƙurin muna da shi. Abin da muka rasa shi ne jure wa shiru. Tun daga Sangaya da ire-irensa aka saba mana da cewa duk bayan 'yan mintoci sai an ba mu waƙa ko faɗan kishiya, har ya zama idan fim ya bar mu da tunaninmu na minti ɗaya sai mu laluba aljihu neman waya.

Sai masu cewa ƙarshen bai yi daɗi ba. Wannan ra'ayi shi ya fi damunmu, domin shi ne yake lalata rubutunmu. Akwai maganar da muke yawan ji a tsakaninmu, wai Bahaushe ba ya son labarin da ya ƙare da kuka, wai idan ka kashe tauraruwa makaranta za su zage ka. To wa ya cika gidajen siliman Kano da Sakkwato da Zariya shekara da shekaru yana kallon Mother India? Fim ne na 1957, tsawonsa ya kusa awa uku, kuma a ƙarshensa uwa ce ta ɗauki bindiga ta harbe ɗan cikinta. Iyayenmu sun kalle shi sun sake kallo, ba sa jin Indiyanci, sun yi kuka sun fito sun sake yankan tikiti. Jiki Magayi, ɗan'uwan Shaihu Umar a gasar nan, labari ne na ramuwar gayya da ya kai ɗa ga halaka ubansa, kuma an karanta shi a makarantu tsara bayan tsara. Tatsuniyoyin kakanninmu cike suke da marainiya da kishiyar uwa da yarinyar da ruwa ya ci. Mutanen da suka girma da waɗannan ba su ne ke tsoron baƙin ciki ba. Mu marubuta ne muka tsorata, sai muka ɗora laifin a kan mai karatu.

Ku duba abin da zai faru idan aka bi shawarar 'yar'uwarmu. A ce uwar ta rayu, ta koma gida tare da ɗanta babban malami, an yi shagali. Mene ne labarin zai koya? Zai ce satar mutane da sayar da su ba wani abu ba ne, tunda a ƙarshe kowa ya dawo gida da riba. Mutuwar matar nan ita ce kuɗin da labarin ya biya don ya zama gaskiya. Ta bar gidanta don neman ɗanta, aka yaudare ta aka sayar da ita, ta ƙare baiwa a ƙasar da ba ta san kowa ba. Jikin da ya sha wannan ba ya komawa yadda yake don kawai an ga juna. Marubucin ya ba ta abu ɗaya da ta roƙa, ganin ɗanta, ya ƙi yi mana ƙaryar sauran. Matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya san wannan a 1933. Mu kuma da muke da wayoyi cike da littattafai muna neman a ɗaura aure a shafin ƙarshe ko ta halin ƙaƙa.

Yanzu ga kashi na uku, masu cewa a yi shiru don girman marubucin. Su ne suka fi kama da masu ladabi, amma su ne suka fi cutar da aikin. Littafin da aka hana a yi gardama a kansa ya zama kayan ado, a ajiye a kanta a riƙa kaɗe masa ƙura. Shi kansa Tafawa Ɓalewa, a 1950 ya miƙe a Majalisar Arewa ya nemi a yi wa tsarin mulkin En'e gyara, a zamanin da taɓa sarauta ba wasa ba ne. Mutumin da ya yi haka ba zai ji tsoron a tattauna littafinsa ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ku dubi maƙwabtanmu. A 2022 Biyi Bandele ya mayar da wasan Wole Soyinka na mutuwar dogarin dokin sarki fim da Yarbanci, mai suna Elesin Oba, labarin da ya samo asali daga abin da ya faru a Oyo a 1946. Da ya fito a Netflix, masu kallo da masu sharhi suka yi ta ja-in-ja: wasu suka yaba harshe da kiɗa da sutura, wasu suka ce fim ɗin bai kai nauyin wasan ba. Soyinka na raye, yana da kambun Nobel, amma ba a ce a yi shiru ba. Gardamar ce ta sa matasa suka koma neman littafin. Mu kuwa a wannan zauren, tun da aka farfaɗo da namu fim ɗin ba mu rubuta masa ko shafi ɗaya ba sai yau.

To idan za mu yi tarke na gaskiya, ina za mu sa yatsa? Ga inda mu muke ganin ciwon yake.

Masifar gidan su Umar ta fara ne daga hari. Sarki ya tura mutanensa ƙasar Gwari su kamo bayi. Makau, mijin uwar Umar, yana cikin mahara. Da aka dawo, 'yan hassada suka yi masa sharri wajen sarki cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, aka kore shi daga gari. Labarin ya sa mun tausaya wa Makau, kuma ya cancanci tausayi, don ƙarya aka yi masa. Amma waɗanda aka kamo ɗin fa? Su ma suna da uwaye. A wani ƙauye can akwai matar da ta dawo ta tarar babu ɗanta, daidai da uwar Umar, amma labarin bai waiwaye ta ba ko sau ɗaya. Bauta ta zama abin kuka ne kawai lokacin da ta faɗa kan ɗan gida.

Haka kuma Umar ya tsira ne domin ya faɗa hannun ubangida nagari, Abdulkarim, wanda ya ɗauke shi ɗa ya sa shi karatu har ya zama liman. Mai karatu zai iya rufe littafin yana ganin matsalar ita ce mugun ubangida, idan aka dace da nagari shi ke nan. Wannan ra'ayi ne, kuma ra'ayi ne na zamaninsa. Lokacin da aka rubuta littafin ba a gama soke bauta a dokar Arewa ba, sai a 1936 aka yi hakan, kuma masu bayi da bayin duk suna raye suna haɗuwa a kasuwa. Ana iya yi wa marubucin uzuri da wannan. Fim ɗin kuwa a 1976 aka yi shi, shekara 40 bayan dokar. Tambayar da ta kamata mu yi wa Adamu Halilu ita ce ko ya yi amfani da damar da allo ya ba shi wajen nuna mana fuskokin da takarda ta tsallake, ko kuwa biyayya ga littafin ta ɗaure masa hannu. A nan ne gardamar baddala take, wato mayar da littafi fim. Mai baddala ba magatakarda ba ne da zai kwafe abin da aka ba shi. Kurosawa na Japan ya ɗauki Macbeth ya kai shi zamanin mayaƙan ƙasarsa a 1957. Vishal Bhardwaj na Indiya ya ɗauki Hamlet ya kai shi rikicin Kashmir a fim ɗin Haider na 2014. Sun riƙe ƙashin labarin, sun sa masa tsokar zamaninsu. Za a iya yarda da mu, za a iya ƙi, amma wannan ita ce muhawarar da ta dace da marubuta, maimakon ƙorafin rashin waƙa.

Kuma mu mutanen bakin ruwan nan mun fi kowa haƙƙin yin wannan tambaya. Hare-haren Kwantagora na zamanin Nagwamatse da ɗansa Ibrahim sun ci ƙasashen Gwari da Kambari har zuwa lokacin da Turawa suka ci garin a 1901. A cikin ajin da muka zauna akwai jikokin Kambari, akwai Gungawa, akwai Lopawa, akwai Hausawa, duk da Hausa muke rubutu. Wasu daga cikinmu kakanninsu suna ɓangaren waɗanda labarin bai ba suna ba. Amma babu wanda ya ɗaga hannu ya faɗi haka. Mun zauna muna gardamar ko ya kamata uwar Umar ta ga jikoki.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda aka yi ta kiran fim ɗin tsohon yayi, labarin zamanin da. Wane zamanin da? A watan Fabrairun 2021 aka shiga makarantar kimiyya ta gwamnati a garin Kagara na jihar Neja, garin da aka haifi Abubakar Imam, aka kwashe ɗalibai da malamai. Ranar 17 ga Yunin shekarar aka shiga Kwalejin Tarayya ta Birnin Yauri, nan ƙofar gidanmu, aka tafi da yara daji. Wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo. Kusan shekara biyu iyaye suna bin ofis-ofis, suna tara kuɗi, suna jiran labari. Uwar Umar ba ta cikin tarihi, tana nan a unguwanninmu, mun gaishe ta a gidan suna da wajen ta'aziyya. Mun kalli labarinta a allo mun ce ya yi sanyi.

Tsakanin waɗancan biyun, ranar 26 ga Mayun 2021, jirgin ruwa ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse a hanyarsa ta zuwa Wara, kaɗan ne suka tsira. Kafin nan, da aka kammala madatsar Kainji a 1968, an tashi mutane sama da dubu 40 daga garuruwansu, tsohuwar Busa da tsibiran Gungawa da gonaki da kaburbura suka koma ƙarƙashin ruwa. Tsofaffin da suka ga haka da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ina littattafanmu a kan waɗannan? Mu duba abin da muka rubuta a shekarun nan da gaskiya. Taurarinmu a Abuja suke da Dubai, ɗan mai kuɗi mai girman kai da 'yar talaka mai tsiwa, a yi faɗa a shirya a yi biki. Babu laifi a rubuta soyayya, mu ma muna rubutawa, kuma ita ce ta riƙe adabin kasuwar Kano da ya koya wa dubban mata karatu. Laifin shi ne a ce masu zaune a bakin ruwan da ya ci mutum fiye da ɗari a yini ɗaya ba su da abin rubutawa sai wannan.

Mun san abin da za a ce. Za a ce mutane sun gaji da baƙin ciki, suna neman abin da zai mantar da su. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba mu raina ta ba. Amma wanda aka yi wa rasuwa ba barkwanci kaɗai yake buƙata ba, yana son a zo a zauna da shi a ambaci mamacin da sunansa. Labarin ban tausayi zaman makoki ne da al'umma ke yi wa kanta. Za a kuma ce Musulmi ya yarda da ƙaddara, mene ne na tone-tone? Shaihu Umar kansa ya amsa wannan. Malami ne da ya sallama wa Ubangijinsa, amma da almajirai suka tambaye shi bai ce a bar tuna baya ba, ya zauna ya faɗa musu komai, har da wanda ya yi sharri da wanda ya yaudari uwarsa. Yarda da ƙaddara ba ta hana a faɗi wanda ya loda wa jirgi kaya fiye da ƙima.

Ga abin da muke roƙo, kuma mun ɗora wa kanmu kafin kowa. Duk wanda bai karanta Shaihu Umar ba ya neme shi a makon nan, ɗan ƙaramin littafi ne da ake gamawa a zama ɗaya ko biyu. Wanda ya samu damar kallon fim ɗin ya ajiye waya ya kalla har ƙarshe. Idan za ku yi sharhi, ku daina tsayawa a "ya yi daɗi" ko "bai yi ba", ku faɗi wurin, ku faɗi dalili, ku faɗi yadda ku za ku yi. Sannan ga aikin gida: shafi biyu kacal, daga bakin uwar ɗaya daga cikin yaran da su Makau suka kamo, daga safiyar ranar harin zuwa dare. Ku ba ta suna, ku ba ta gona, ku ba ta abin da ta ɗora a wuta kafin ta ji ihu. Kada ku dawo mata da ɗan a ƙarshe don ku faranta mana rai. Wanda yake da kaka ko kakan da ya ga tashin garuruwa a 1968, ya je ya zauna da shi da biro da takarda tun yana da sauran numfashi.

Masu ganin mun yi kuskure, musamman a kan Abdulkarim da batun harin Gwari, muna jiranku da hujja daga cikin littafin, za mu karanta kuma za mu amsa. Allah ya jiƙan Tafawa Ɓalewa da Adamu Halilu, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya dawo da duk wanda ke hannun 'yan bindiga gaban iyayensa lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.